Bayan ritaya, ko zuba kuɗi a asusun fansho zai rage mini haraji?

Tsohon mai sito, Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dattawan wannan zaure da matasansa, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Tambayata ta shafe ni kai tsaye, saboda haka zan ɗan tsawaita bayani domin wanda zai amsa ya san inda zai kama.

Na yi shekara 28 ina kula da sito a wani kamfani mai zaman kansa a nan Garwa ta arewacin Kamaru, na ajiye aiki bara da na cika shekara 60. Duk tsawon wannan lokaci ana yankar kason fansho daga albashina ana kai wa CNPS, wato hukumar da ke kula da fanshon ma'aikatan kamfanoni a ƙasarmu, kuma alhamdu lillahi takarduna sun fita lafiya, yanzu ina karɓar sefa 129,000 a wata. Bayan wannan akwai kuɗin sallama da kamfanin ya ba ni, wanda har yau yana banki ban taɓa shi ba, sai kuma wani ɗan shagon kayan masarufi a babbar kasuwa da babban ɗana yake zama a ciki, amma da sunana ake biyan harajinsa kowace shekara.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, da Babbar Sallah ɗan ƙanwata da ke aiki a Ingila ya zo gida, muna zaune a ƙofar gida a Yelwa bayan la'asar sai ya ba ni labarin wani dattijo maƙwabcinsa wanda ya daɗe da yin ritaya, amma kowace shekara yana zuba fam 2,880 a asusun fansho, hukumar harajin ƙasar kuma tana ɗora masa fam 720 a kai. Da farko na ɗauka yaron bai fahimci abin da aka gaya masa ba ne, domin a iya sanina mai karɓar haraji karɓa kawai ya sani, amma ya nace cewa haka dokarsu take, kuma sunan abin sassaucin haraji.

Tun daga ranar nake ta juya maganar a raina. Idan na ɗebi wani abu daga kuɗin sallamar na ci gaba da zubawa a CNPS, ko kuma na buɗe ajiyar ritaya a ɗaya daga kamfanonin inshora da ke tallata ta, shin dokarmu ta Kamaru za ta rage mini harajin da nake biya, ko ta ɗora mini wani abu kamar yadda ake yi a can? Ba zan ɓoye muku ba, ba kaina nake ji ba. Mata biyu gare ni, uwargida ta manyanta kuma 'ya'yanta sun kama sana'a, amma amarya shekararta 38, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, ba ta taɓa aikin albashi ba, kuma yaranta uku duk suna firamare. Akwai kuma wani tsohon abokin aikina da ya buɗe nasa kamfanin, ya nemi in riƙe masa sito a kan albashin wata, ban ba shi amsa ba tukuna. Wanda Allah ya sanar da shi wani abu a kan wannan, ya taimaka mini da shi.

Akawun albashi, Marwa

Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Aikina ke nan kullum, lissafin albashi da abin da ake yanka a cikinsa, don haka zan faɗi yadda abin yake a takarda, ko da amsar ba za ta yi daɗi ba.

Sassaucin haraji a kan kuɗin fansho yana nan a dokarmu, kuma kai ma ka ci moriyarsa shekara 28, sai dai ba a taɓa miƙa maka shi a hannu ba, shi ya sa ba ka gan shi ba. A nan gwamnati ba ta ɗora wa kowa komai a asusunsa. Abin da take yi shi ne, kafin a lissafa harajin albashi, wanda muke kira IRPP, sai a fara fitar da kason fansho daga cikin albashin, a yi lissafi a kan ragowar. Tun shekarar 2016 kason ma'aikaci kashi 4.2 cikin 100 ne, mai kamfani ma yana biyan 4.2, kuma ba a lissafi a kan abin da ya haura sefa 750,000 a wata. Kafin wannan shekara ma'aikaci 2.8 yake biya, iyakar kuma 300,000 ce, na tabbata idan ka duba tsofaffin takardun albashinka za ka ga inda adadin ya canja.

Daga fanshon da ka ambata na gane matsakaicin albashinka na ƙarshe bai wuce 300,000 ba, domin wata 180 na farko suna ba da kashi 30 cikin 100, kowace shekara da ta ƙaru a kansu tana ƙara kashi 1, shekara 28 ke nan ta ba ka kashi 43, wato 129,000 daidai. To bari mu yi lissafin harajin a kan wannan albashi domin ka ga girman sassaucin da idonka. A shekara albashin ya kama 3,600,000. Ana fara cire kashi 30 cikin 100 a matsayin ɗawainiyar aiki, saura 2,520,000. Sai a cire kason fansho na shekara, 151,200, sannan a cire 500,000 da doka ta yafe wa mai albashi, abin da ya rage shi ne 1,868,800. Miliyan 2 na farko harajinsu kashi 10 ne, saboda haka harajin ya zama 186,880, idan an ɗora kashi 10 na ƙananan hukumomi a kansa ya kai 205,568. Da ba a cire kason fanshon ba, da abin lissafin ya zama 2,020,000, ya ɗan leƙa mataki na biyu mai kashi 15, harajin duka ya kai 223,300. Bambancin da ke tsakani sefa 17,732 ne a shekara guda. Wannan shi ne dukan sassaucin da kake samu lokacin da kake aiki, bai kai 1,500 a wata ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ayar dokar haraji da ta ba da wannan dama tana magana ne a kan kuɗin da aka biya wa gwamnati ko CNPS domin ritayar dole, abin da aka rubuta da Faransanci «retraite obligatoire», kuma daga cikin kuɗin albashi ake cire shi. Kai yanzu ba ka da albashi, ba kuma wanda ya wajabta maka zuba komai. Duk abin da ka kai kamfanin inshora da kanka ajiya ce ta ganin dama, ba ta shiga ƙarƙashin wannan aya.

Shagon ma ba zai buɗe maka wannan ƙofa ba. Harajin dunƙule da ƙananan 'yan kasuwa ke biya ana yanka shi ne bisa rukunin da cinikin shekara ya sa mutum, ba a tambayar riba, ba a kuma tambayar abin da ka kashe. Tunda ba a cire kuɗin haya ko na wutar lantarki kafin a yanka shi, babu gurbin da za a cire kuɗin fansho. Ko ka zuba miliyan a ajiyar ritaya, takardar harajin shagon ba za ta ragu da dala ɗaya ba.

Ban ce ajiyar inshora ba ta da amfani ba, wannan magana ce dabam. Amma idan wakilin kamfani ya zauna a gabanka yana ambaton ragin haraji, ka ce ya rubuta maka lambar ayar da ya dogara da ita da kuma sunan harajin da za a rage, ka kai takardar ofishin harajin da shagonka yake biya a tabbatar maka kafin ka sa hannu. Ka kuma tambaye shi nawa za su mayar maka idan ka nemi kuɗinka bayan shekara biyu ko uku, domin a shekarun farko abin da ake mayarwa yakan gaza abin da aka zuba, mai shekara 61 kuwa ba shi da dogon lokacin jira irin na saurayi.

'Yar Ngaundere, ma'aikaciyar jinya a Ingila

Baba, ina gaisuwa, Allah ya ja kwana. Abin da ɗan ƙanwarka ya faɗa gaskiya ne, sai dai ya kawo maka kan labarin ne ya bar gangar jikin a nan, kuma tunda ina zaune a ƙasar kuma ni ma ina da irin wannan asusu, bari in cika sauran.

A Ingila idan mutum ya zuba kuɗi a asusun fansho na kansa, ana ɗauka cewa an riga an cire wa kuɗin harajin kashi 20 cikin 100 tun daga albashi, saboda haka kamfanin da ke riƙe da asusun yana nemo wannan kashi daga hukumar haraji, HMRC, ya mayar cikin asusun. Wanda ya zuba fam 80 sai ya ga 100. A ƙa'ida ba a ba mutum sassauci a kan abin da ya wuce kuɗin da ya samu ta hanyar aiki a shekarar, kuma fansho ba ya cikin kuɗin aiki, haka ma kuɗin hayar gida da ribar ajiya. Amma dokar ta bar wata 'yar ƙofa: ko mutum bai sami ko kwabo ta hanyar aiki ba, yana iya zuba abin da jimlarsa ba ta wuce fam 3,600 a shekarar haraji ba, shekarar da ke farawa ranar 6 ga Afrilu. Daga nan 2,880 da 720 suka fito. Matar da ba ta aiki tana da wannan dama, har jariri ana buɗe masa. Ranar da mutum ya cika shekara 75 kuwa sassaucin ya ƙare.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kuɗin ba kyauta ba ne gaba ɗaya, yawancinsa jinkirta haraji ne. Idan dattijon ya tashi cire 3,600 ɗin nan, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ba a taɓawa, wato fam 900, sauran 2,700 ana haɗa su da kuɗin shigarsa na shekarar. Idan fanshonsa ya riga ya cinye fam 12,570 da ba a ɗora wa haraji, za a karɓi kashi 20 na 2,700 ɗin, fam 540 ke nan, ya tashi da 3,060. Ribarsa ta gaskiya fam 180 ce a kan 2,880 da ya fitar daga aljihunsa. Wanda yake cin 720 ɗin cur shi ne wanda kuɗin shigarsa bai kai a ɗora masa haraji ba, kamar matar da fanshonta ƙarami ne. Ina ganin wannan ya yi daidai da abin da Malam akawu ya nuna a lissafinsa: adadin da ake ambata a baki ya fi wanda yake shiga aljihu ƙarfi nesa ba kusa ba.

Akwai wasu shingaye kuma. Wanda ya yi ritaya ya koma wani aiki yana iya zuba fiye da 3,600, amma idan ya riga ya fara cire kuɗi mai haraji daga asusun fanshonsa yadda ya ga dama, iyakarsa a shekara tana faɗowa daga fam 60,000 zuwa 10,000, waɗannan su ne adadin tun Afrilun 2023. Haka kuma an hana mutum ya karɓi dunƙulen kuɗin da ba a ɗora wa haraji da niyyar sake zuba shi domin ya ci sassauci sau biyu, wanda aka kama da haka tarar da zai biya ta fi ribar. Na ambaci wannan ne saboda tunaninka na juya kuɗin sallama zuwa asusun fansho ya yi kama da abin da su ma suke sa wa ido a can.

Abu na ƙarshe, domin na san yadda muke da son taimakon juna: kada ɗan ƙanwarka ya ce zai buɗe maka irin wannan asusu da sunanka. Dama ce ta mazauna ƙasar. Wanda ya taɓa zama can, yana da asusun tun kafin ya tashi, an bar masa shekara 5 na haraji bayan tafiyarsa yana zuba 3,600 ɗin, daga nan sai ta rufe. Wanda bai taɓa zama ba ba shi da rabo a ciki. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, Baba, kuma fam 2,880 sun haura sefa miliyan 2, ba kuɗin da za a tura ƙetare bisa labarin ƙofar gida ba ne.

Malamin makaranta mai ritaya, Kuseri

Alhaji, barka da hutawa, Allah ya sa albarka a abin da aka tara. Na karanta amsoshin biyu kuma na ƙaru, amma ina ganin an wuce wani abu da kai da kanka ka ambata. Ka ce abokinka yana nemanka da aiki a kan albashin wata. To ai ga amsar tambayarka nan a hannunka. Idan ka karɓi aikin ya yi maka rajista, kason fansho ya sake zama na dole, za a cire shi kafin haraji kamar da, watanninka a CNPS su ƙaru, fanshonka ma ya ƙaru da kashi 1 kowace shekara. Ga albashi, ga sassauci, ga fansho, ban ga abin da zai hana ba, musamman ga mutumin da har yanzu da ƙarfinsa.

Mu da ke bakin iyaka muna ganin yadda maƙwabta suke yi. A Nijeriya dokar fansho ta 2014 ta yarda mutum ya ƙara zuba kuɗi na ganin dama a asusunsa, kuma idan ya bar su shekara 5 ba a ɗora haraji a kan abin da suka haifa. Ina ganin lokaci ya yi da 'yan majalisarmu za su duba irin wannan, domin mai ritaya a yau yakan ƙara shekaru masu yawa yana ɗauke da gida, ba kamar zamanin iyayenmu ba. Ni dai fanshona daga baitulmalin gwamnati yake fitowa, ban san CNPS ta ciki ba kamar ku, amma a hankalce haka na ga abin.

Akawun albashi, Marwa

Malam, Allah ya gafarta maka, maganarka ta biyu na yarda da ita, amma ta farko tana da haɗari, kuma ina roƙon Baba kada ya yi aiki da ita kafin ya je ofishin CNPS na Garwa da ƙafarsa. Tsarin ma'aikatan gwamnati dabam ne da namu. A CNPS ɗaya daga sharuɗɗan samun fanshon tsufa shi ne mutum ya daina duk wani aikin albashi, kuma da takardar daina aiki aka buɗe wa Baba fanshonsa. Ranar da sabon kamfani ya kai sunansa da lambarsa a jerin ma'aikatan da yake biya wa kaso, hukumar za ta ga mai karɓar fansho ya koma layin masu albashi, sharaɗin da aka ba shi kuɗin a kansa ya warware ke nan. Ba za a haɗa masa uku ɗin da ka lissafa a lokaci guda ba.

A auna abin da ma'auni ɗaya. A gefe guda akwai 129,000 kowane wata, wato 1,548,000 a shekara. A ɗaya gefen akwai sassaucin da bai kai 18,000 a shekara ba, idan ma sabon albashin ya kai na da. Kada garin neman gira a rasa ido. Idan aikin abokin nasa yana da albashin da ya fi fanshon nesa, wannan lissafi ne na dabam da zai iya yi, amma ba saboda haraji ba. Shagonsa kuwa kasuwanci ne na kansa, ba aikin albashi ba ne, bai taɓa fanshon ba.

Tunda Baba ya faɗi ainihin abin da ke ransa, wato amarya da yaranta, ni a ganina tambayar haraji ta rufe wata tambaya da ta fi ta amfani. Tun shekarar 2014 CNPS ta buɗe rajistar ganin dama domin masu sana'ar kansu, 'yan kasuwa da manoma da teloli da masu babur, mutum ya faɗi kuɗin shigar da yake so a yi masa lissafi a kai, ya biya kashi 8.4 cikin 100 shi kaɗai tunda ba shi da mai gida. Baba an riga an rufe lissafinsa, amma matarsa ba a buɗe nata ba, kuma shekarunta sun dace ƙwarai. Ana neman mutum ya yi shekara 20 da rajista, ya biya aƙalla wata 180, kuma 60 daga ciki su faɗo a shekara 10 na ƙarshe kafin ya nemi fansho. Mai shekara 38 tana da 22 a gabanta kafin 60. Idan ta yi jinkirin shekara uku, sharaɗin shekara 20 zai tura ta gaba da 60.

Misali, idan aka rubuta mata 100,000 a wata, za ta riƙa biyan 8,400. Wata 180 sun kama 1,512,000, kuma suna ba ta 30,000 kowane wata har ƙarshen rayuwarta, cikin wata 51 ta mayar da abin da aka zuba. Idan ta biya shekara 22 ɗin duka, kashi 37 za ta samu. A nan ma babu ragin haraji, domin ita ba ta biyan harajin albashi balle a rage mata, sai dai abin da tsarin yake mayarwa ya fi duk wani sassauci da muke ta lissafawa tun safe. Raunin abin shi ne darajar kuɗi, 30,000 ta shekara 22 nan gaba ba za ta sayi buhun da take saye yau ba, don haka in da hali a riƙa ɗaga adadin da aka rubuta yayin da sana'arta take ƙaruwa, tunda a kan matsakaicin shekarun ƙarshe ake yin lissafi.

Hajiya mai ɗinki, Garwa

Alhaji, ina wuni, ya iyali. Ni ba masaniyar haraji ba ce, amma ina cin fanshon marigayi maigidana, saboda haka akwai abin da na gani da idona wanda ya shafi niyyarka. Idan mai fansho ya rasu, rabin fanshonsa ne ake ba matarsa, in kuwa mata biyu ne sai a raba rabin nan daidai tsakaninsu. A naka lissafin rabin 129,000 shi ne 64,500, kowace ta tashi da 32,250, yara ƙanana kuma kowane yana da kashi 15 cikin 100, muddin jimlar duka ba ta wuce fanshon ba. Allah ya ba ka tsawon rai, amma wannan shi ne abin da ke ƙasa tun yanzu ba tare da ka ƙara zuba komai ba.

Sai dai hukumar ba ta san ɗaurin auren masallaci ba, takardar aure ta ofishin magajin gari take nema, wadda muke ce wa ta meri, da takardun haihuwar yara. Na san matan da suka zauna da miji shekara da shekaru, aka zo neman haƙƙi aka tarar sunan uwargida kaɗai ke cikin takarda, kuma a takardar ma an rubuta auren mace ɗaya ne. Kafin ka kai ko sisi wani asusu, ka buɗe akwatinka ka duba abin da aka rubuta a taka, ka kuma tabbatar sunan amarya da na yaranta suna cikin fayil ɗinka a CNPS. 

Game da rajistar ganin dama kuwa, ka bar ta da sunanta, lambar a hannunta, rasit ma a hannunta, ko da kai ne kake ba da kuɗin. Mu mata mun saba da adashi, wata ba ya wuce mu, ita za ta fi ka tuna ranar biya.

Tsohon mai sito, Garwa

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Malam akawu, na ciro takardar albashina ta ƙarshe na bi lissafinka da biro, ya fita kusan daidai, bambancin 'yan kuɗin alawus ne kawai, kuma na yi dariya da na ga shekara 28 ina cin abin da nake ta nema yau ban sani ba. 'Yata da ke Ingila, na tura wa ɗan ƙanwata bayaninki, ya amsa cewa bai san da maganar fam 180 ba, zai tambayi maƙwabcin nasa. Malam na Kuseri, na gode da ka tono zancen aikin, domin da ba ka ambata ba da ba a yi mini gargaɗin ba, kuma da ma ina dab da amsa wa abokina.

Hajiya, maganarki ce ta hana ni barci jiya. Na duba akwati, takardar auren uwargida tana nan kuma an rubuta auren mace fiye da ɗaya, amma ta amarya ba mu taɓa yi ba, shekara 14 ke nan muna cewa sai an sami lokaci. Ranar Litinin in sha Allahu za mu fara da meri, daga can mu wuce CNPS da katin shaidarta.

Saura abu ɗaya da nake so Malam akawu ya duba mini. Idan na ware kuɗin shekara uku ko huɗu na kason amarya daga kuɗin sallamar, shin ya fi kyau in bar su a banki a riƙa ɗiba wata-wata, ko hukumar tana karɓar na watanni da yawa a dunƙule? Ina tambaya ne domin na san halin gidana, kuɗin da ke kusa da hannu ba ya kai damina biyu.